Bitar maniyyata a cibiyarmu: yabo da ɗan gyara

Duk wadda ta biya kuɗin kujerar Hajji, kada ta yi wasa da bita, ko da ta taɓa zuwa Umara. A cibiyar ƙaramar hukumarmu Asabar da Lahadi ake yi, a harabar wata makarantar firamare, maza gefe mata gefe, kuma ko sisi ba a karɓa.

Wajen koyar da aiki a aikace, ban ga abin kushewa ba. Sun haɗa Ka'aba da katako, sun lulluɓe ta da baƙin yadi, aka sa mu kewaya sau 7, tana hagunmu, daga kusurwar Hajarul Aswad. Maza kuma aka sa su ɗaura harami a gaban jama'a. Nan aka sha dariya, don wani dattijo ɗan kasuwa sai da gyautonsa ya kusa zamewa kafin ya iya. Nau'o'in Hajji uku kuwa, wato Tamattu'i, Ƙirani da Ifradi, sai da malamin ya tabbatar kowace tsohuwa ta bambance su, ta kuma san cewa wanda ya taso daga Madina a Zul Hulaifa zai ɗauki niyya.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu malamin rana ta biyu ne, wani siririn dattijo mai sanyin murya. Shi ba ya barin aiki ya wuce sai ya faɗi dalilinsa. Da ya zo kan Safa da Marwa, ya ce mana: “Hajiyoyi, sawun mace za ku bi. Nana Hajara ce ta yi wannan kai da kawowa tana nema wa jaririnta Isma'ila ruwa a kwarin da babu shuka, har Allah Ya ɓuɓɓugo da Zamzam.” Wallahi bayan na je can, ƙafafuna sun kumbura, wannan maganar ce ta riƙe ni a zagayen ƙarshe. Ya ce haramin maza yadi biyu ne marasa ɗinki, gwamna da leburansa iri ɗaya, don mutum ya tuna likkafani. Arfa, ranar 9 ga Zul Hajji, ita ce Hajjin. Wanda ya rasa ta sai baɗi. Kan hadaya ya kawo ayar Suratul Hajji da ke cewa naman da jinin ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Ya daɗe kan hanin jayayya da ke cikin Suratul Baƙara, ya ce a layin banɗakin Mina ake gane wanda ya fahimci ayar. Gaskiyarsa.

To, ga inda aka gaza. Irin wannan darasi minti kaɗan ake ba shi, sauran lokacin ya tafi kan nauyin jaka, kuɗin guzuri, allurar sanƙarau da gargaɗin kada a ɗauki goro. Duk suna da amfani, amma takarda ɗaya ta ishe su. Mu ma maniyyatan da laifinmu: da an ce a yi tambaya, sai ka ji ana neman inda ake sa haƙorin Makka da kasuwar da tsaraba ta fi araha. Sannan malama mace ɗaya ce tak, alhali akwai tambayoyin jinin al'ada da ɗawafin Ifada da ba kowace mace za ta yi a gaban maza ba. Lasifikar kuma ta ɓangaren maza ce kawai ke aiki sosai.

In za ki je, ki sammaka ki samu gaba, ki tafi da tabarmarki da ruwa, don kujerun ba sa isa, kuma rumfar ba ta kai layin baya.