Sharhi kan riyakta mai silinda biyu: bawul ɗaya ga GFO da gawayi

Bayan wata shida ina amfani da wannan riyakta, wato na'urar da ake bi da ruwa ta cikinta don a tace shi, a akwatin kifin ruwan gishiri mai lita 300, hukuncina shi ne tana aiki, amma sai an iya saita mata gudun ruwa. Silinda biyu ce a jere, famfo ɗaya, bawul ɗaya. Ruwa kan sauka ta bututun tsakiya, ya taso ta cikin GFO, wato ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu kama sinadarin fosfet, sannan ya wuce cikin gawayi a silinda ta biyu.

Matsalar ita ce kayan biyu ba gudu ɗaya suke so ba. GFO na buƙatar samansa ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, kamar ruwan da ke shirin tafasa. Idan gudun ya yi yawa, ƙwayoyin sai su goge juna su zama gari ja, ya bi ruwa ya sauka kan murjani mai rai da ke cikin akwatin. Idan ya yi kaɗan, ruwan sai ya haƙa wa kansa hanya ɗaya ta gefe, sauran ya dunƙule ya taurare, fosfet kuwa na nan inda yake. Gawayi kuma ba a son ya motsa ko kaɗan, domin saurin dagargajewa gare shi. Don haka a saita bawul da GFO, a matse gawayin tsakanin soso biyu ba tare da barin sarari ba. Soson da ya zo da ita ya yi siriri, sai an ƙara wani.

Kada a dogara da adadin gudun ruwa da aka rubuta a jikin famfo, tsawon tiyo da tudu suna cinye shi. A tara ruwan da ke fita a mazubin lita ɗaya, a duba agogo: daƙiƙa 36 na nufin lita 100 a awa. Da kusan wannan gudun giram 100 na GFO ya motsa daidai a tawa. Bawul ɗin ya zauna tsakanin famfo da riyakta, ba a mafita ba, in ba haka ba matsi zai taru a ciki har murfi ya fara zuba.

Duk sabon zubi, a juye ruwan farko a bokiti har ya washe. A fara da rabin ma'aunin GFO, saboda faɗuwar fosfet farat ɗaya na sa murjani mai tauri ya koɗe. Fosfet tsakanin 0.03 da 0.1 ppm (kashi cikin miliyan) ya wadatar.

Gudun na raguwa cikin mako biyu idan soson ƙasa ya toshe. Wanke shi ya fi ƙara buɗe bawul. Murfin na buɗuwa da hannu, abin yabo ne, sai dai zoben robarsa na son man silikon a kai a kai. Mai akwatin da ya wuce lita 500 gara ya sayi riyakta biyu, kowace da bawul ɗinta.