Put off da call off: ɗagewa daban, fasawa daban

Wallahi kalmomin nan biyu na Turanci suna rikita mutane ba kaɗan ba, don duk da off suka ƙare. Put off shi ne a ɗage abu, za a yi, sai dai ba yanzu ba. Call off kuwa an fasa ke nan, kowa ya kama gabansa.

Ku tuna zaɓen 2019, cikin dare INEC ta ɗage shi daga 16 ga Fabrairu zuwa 23, wasu har sun tafi garuruwansu kaɗa ƙuri'a, to wannan put off ne. Gasar tanis ta Wimbledon ta 2020 kuwa korona ta sa aka soke ta gaba ɗaya, call off ke nan. In ka ji "they called off the wedding" kar ma ka ɗinka anko, magana ta mutu.

Put off ɗin ya fi rassa, shi ya sa ni na fi jin daɗinsa. Yana nufin jan ƙafa ma, irin na mai ciwon haƙori kullum gobe zan je asibiti gobe zan je, "I keep putting it off", kuma lura kalmar it a tsakiya take shiga, ba a cewa put off it. Sai kuma "the smell put me off", wato warin ya sa abin ya fita a raina, nan babu maganar ɗagewa sam. Af, "put off the light" da muke cewa a Najeriya, Bature turn off ko switch off zai ce.