Daga Akara: kejin farfela da ƙunshin kayan ƙaramin jirgi, me ya kamata ka saya

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida. Ka ce in duba maka kasuwar ƙananan jirage marasa matuƙi a nan Gana, musamman kejin kariya da ake sa wa farfela da ƙunshin kayan da ake haɗawa da jirgi, wato kwambo. Ga abin da ke ƙasa.

Wurin da ya yi kama da kasuwar wayoyi ta Farm Centre ɗinmu na Kano shi ne Tip Toe Lane da ke Kwame Nkrumah Circle, a Kumasi kuma Adum. Sai manyan shaguna na Osu da Accra Mall, da masu talla a shafin saye da sayarwa na Jiji waɗanda ake biya ta MoMo (tura kuɗi ta waya) a kawo maka a babur. Farashi da sidi ake faɗa, amma dala yake bi, kamar dai yadda naira take yi a gida. Wuta da soket iri ɗaya ne da namu, don haka cajar da aka saya a nan za ta yi aiki a Kano.

Kalmar "kwambo" abu biyu take nufi a bakin 'yan kasuwa, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Akwai na kamfani, wanda DJI, kamfanin da ke ƙera waɗannan jirage, ke kira Fly More Combo, a kwali ɗaya a like. Akwai kuma wanda mai shago ya harhaɗa da kansa: jirgi da batir ɗaya, sai jaka, igiyar rataya rimot, sitika, gilasan kyamara marasa suna, memori da keji. Ido zai ga kaya tuli, amma jirgin batir ɗaya ne da shi. Na kamfani kuwa batura 3 ne, da akwatin caji mai rami uku, da ƙarin farfela, da jaka. Lokacin da samfurin DJI Mini 2 ya fito a 2020, jirgin kaɗai dala 449 ne, kwambo kuma 599. Batura biyun nan kaɗai sun cinye mafi yawan wannan tazara ta dala 150, saura kusan gyara ne. Saboda haka tambayarka ta farko ga mai shago ita ce batura nawa ne, kuma na kamfani ne ko kuwa.

Dalilin nacewa a kan batir: minti 31 da aka rubuta wa Mini 2 da Mini 2 SE da Mini 4K an auna shi ne a inda babu iska. A zahiri za ka sauko tun batir yana da saura kashi 20 zuwa 25, wato minti 20 da 'yar ɗoriya ke hannunka. Mai koyo ba ya gama saba wa sandunan rimot a wannan lokaci. Ka kuma sani akwatin cajin ɗaya bayan ɗaya yake cika su, yana farawa da wanda ya fi sauran caji, ba duka lokaci guda ba. Ga mai fama da ɗauke wuta wannan tsari ya fi amfani, domin ko wutar ba ta daɗe ba ka samu ɗaya cikakke.

Yanzu keji. Mutane da yawa suna ɗauka yana cikin kwambon kamfani, saboda na Mavic Mini na 2019 ya zo da shi. Na Mini 2 bai zo da shi ba. Abin da ke ciki ɗan maɗauri ne da ke riƙe farfela a jaka. Kar a nuna maka wannan a ce shi ne keji.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai zobe mai kare gefe kawai, akwai kuma mai rufe sama da ƙasa. Zoben yana ceton farfela idan jirgi ya goga bango, amma ba ya hana yatsan yaro, bakin mayafi ko zaren ado shiga ta sama. Idan mutane kake son karewa, mai rufewa duka za ka nema. A zanguna irin Nima da Maamobi, inda lungu ke da matsi, wayoyin lantarki sun yi saƙa, yara kuma sukan yi dafifi da zarar sun ji ƙarar jirgi, amfaninsa a bayyane yake, kuma haka abin yake a lungunan cikin birnin Kano. Sai dai keji ba lasisin shawagi a kan taron biki ba ne. Jirgi mai giram 249 kamar Mini 2 da ya faɗo daga tsayin bene zai ji wa mutum ciwo ko da kejinsa.

Abin da keji yake ci maka shi ne wannan. Yana ƙara nauyi, jirgin ya haura giram 250, injinan farfela su ƙara wahala, mintuna su ragu. A Mini 2 manhajar DJI Fly, wadda ake sarrafa jirgin da ita a waya, tana komawa wani yanayi na ɗaukar kaya wanda ke rage gudu. Mafi muni, yana ba iska wurin kamawa. Waɗannan jirage ƙarfin iskar da suke jurewa bai wuce mita 10 da ɗan kai a daƙiƙa ba, kuma ba tare da keji aka auna ba. A bakin tekun Labadi da yamma, ko a filin Kano lokacin da guguwar farkon damina ke tasowa, jirgi mai keji yakan tafi da iska cikin sauƙi ya kasa dawowa, batir ya ƙare yana kokawa. Keji kuma yana sarƙewa a reshe ko waya, ya bar maka jirgi a rataye inda tsani ba ya kaiwa. Shawarata ita ce ka sa shi a cikin ɗaki, a tsakar gida, da makonnin farko na koyo. Ka cire shi a fili da duk ranar da ganye ke kaɗawa sosai.

A cikin ɗaki akwai tarko biyu da keji ba ya magancewa. Babu GPS, jirgin da idanunsa na ƙasa yake tsayuwa, kuma tayil mai sheƙi ko ƙarancin haske yana ruɗa su, sai ya fara zamewa gefe. Sannan idan ya matsa kusa da silin, iskar da farfela ke zuƙa takan manna shi sama. Ka bar tazarar mita ɗaya, ka kashe fanka. Mini 2, 2 SE, 4K da Mini 3 ba su da idon ganin shinge a gaba, hannunka ne kawai.

Wajen ɗaurawa, buɗe hannayen jirgin, ka bambance na hagu da na dama, ka danna kowane maƙali har ka ji ya ce ƙas. Juya kowace farfela da yatsa ka tabbatar ba ta shafar roba. Tashe shi mita ɗaya, ka bar shi tsaye rabin minti kana saurare. Ƙara mai karkarwa alama ce wani gefe bai zauna ba. Kejin jabu robarsa laushi gare ta, idan ya daki bango sai ta lanƙwashe ciki farfela ta sare ta. Kar ka bar shi a mota cikin rana, zai karkace. Jirgi ba ya naɗuwa da keji a jiki, don haka jakar kwambo ba za ta ɗauke shi haka ba. Wanda yawancin tashinsa a cikin gida ne, gara ya duba DJI Neo na 2024 mai giram 135 ko DJI Flip na 2025, waɗanda aka ƙera su da kariyarsu tun asali.

Farfela ta asali ka saya. Iri biyu ce, mai alama da marar alama, kowace da injinta; idan ka musanya, jirgi zai kife tun a ƙasa. Idan fiffike ɗaya ya tsage, ka canza biyun da ke kan injin tare, da sabbin sukuru da ke cikin ledar.

Yanayi ya bambanta abin da za ka kashe wa kuɗi. A nan laima da gishirin teku ne ke cin ƙarfe, shi ya sa ake ajiye kaya da ƙullin shan danshi. A gida ƙura ce da zafi. Tabarmar sauka, wadda a nan ake ganin ƙawa ce, a Kano dole ce, domin farfela tana tayar da yashi ya shige inji da mariƙin kyamara. Ko kwali mai faɗi da aka danne da duwatsu ya wadatar. Mini 2 iyakarsa digiri 40 ne, kuma Afrilu a Kano yakan wuce haka, sai ka tashi da safe ko bayan la'asar. Batir da ya sauko da zafi ka bar shi ya huce kafin caji, wanda za a ajiye kuma ya zauna a kusan rabi.

Abin da ba ya cikin kwalin kamfani: memori mai alamar U3 ko V30, sannan a Mini 3 da Mini 4 Pro kan caja mai watt 30. DJI Fly ba ta Play Store, daga shafin kamfanin ake sauke ta, kuma ba kowace ƙaramar waya ke ɗaukarta ba, ka gwada taka tukuna. Idan na hannu ne, duba adadin cajin batir a manhaja, ɗora shi a tebur ka ga ko ya kumbura, kuma mai shi ya cire jirgin daga asusunsa a gabanka. Inshorar DJI Care Refresh tana ɗaure da yankin da aka sayi jirgin, kar a ƙara maka kuɗi a kanta ba tare da an tabbatar maka tana aiki a inda kake ba.

Batun takarda. Nan hukumar jiragen sama ta Gana, GCAA, ce ke rajista tun 2016, iyakar tsayin tashi ƙafa 400, kuma Nima da Kanda suna daf da filin jirgin sama da fadar shugaban ƙasa, Jubilee House, ba wurin gwaji ba ne. A gida akwai takwararta NCAA, shigo da jirgi kuma sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ta mota iyaka uku ce daga Aflao, mafitar Gana, zuwa Seme, mashigar Najeriya. Don haka jirgin ka saye shi a gida wurin wanda ya shigo da shi bisa ƙa'ida, farfela da keji da batura kuwa ana iya aiko maka. Idan ta sama ne, batir a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kaya ba.

Ka turo mini sunan samfurin da ka tsayar, domin batirin Mini 2 ba ya shiga Mini 3, keji ma haka. Ka gaida Inna da su Yaya.