TopoView: ganin ƙasar da ruwan madatsa ya shanye

TopoView shafi ne na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, USGS, inda ta zuba tsofaffin taswirorinta masu nuna tudu da kwari, daga 1884 zuwa 2006. Kyauta ne, ba a rajista. Ga mai son sanin yadda kwari yake kafin madatsa ta cika shi, da wuya a sami kamarsa.

Tafkin Mead, wanda madatsar Hoover ta tara a kan Kogin Colorado a Amurka, ya isa misali. An gama madatsar Hoover a 1936, ruwa ya haɗiye garin St. Thomas a 1938. Sai ka rubuta sunan wurin a shafin, ka ja ma'aunin shekaru baya, ka zaɓi sikeli, wato yawan ƙanƙanta ƙasa da aka yi a taswirar. Tsohuwar taswira za ta hau kan ta yau, kana iya rage kaurinta har ka ga inda Kogin Colorado yake bi a da. Mai aiki da manhajar taswira ta QGIS ya sauke fayil nau'in GeoTIFF, mai Google Earth kuma nau'in KMZ.

Matsalar tana wajen karatu. Shekarar da ke jikin taswira ba lallai ita ce shekarar awo ba, don haka a duba ƙananan rubutun gefen ƙasa. Abin da aka zana da shunayya gyara ne daga hoton jirgin sama, ba a je wurin an tabbatar ba. Yawancin tsofaffin an gina su kan NAD27, tsohon tsarin auna matsayin wuri a doron ƙasa, GPS kuwa wani tsarin, WGS84, yake bi, kuma a yammacin Amurka saɓanin kan kai gomman mitoci. Wanda bai daidaita wannan ba zai ga gaɓar ruwa ta goce, ya zaci ƙasa ce ta zaizaye.

Sikeli ma abin lura ne. A 1:24,000 santimita ɗaya mita 240 ce, amma irin wannan sau da yawa bayan cikar tafki aka zana ta. Ta kafin madatsa takan zo a 1:125,000 ko 1:250,000, inda ƙaramin rafi ke ɓacewa. Tsayi da ƙafa aka rubuta shi, ba da mita ba.

Kada masunci ko injiniya ya ɗauki layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswirar a matsayin zurfin ruwa na yau. Kogi yana ta jibge laka shekara da shekaru, musamman a mashigarsa, ga kuma ruwan yana hawa da sauka: a Yulin 2022 saman Mead ya sauka zuwa kusan ƙafa 1,040 sama da matakin teku.