Lunt LS50THa: madubin kallon tartsatsin rana a zafin Jidda da Makka

Wannan madubin hangen nesa na kamfanin Lunt da ke Tucson a Amurka rana kaɗai ake kallo da shi. Faɗin bakinsa milimita 50, nisan tara haskensa milimita 350, kuma jan hasken haidirojin mai tsawon zango nanomita 656.3 kawai yake bari ya wuce. A wannan hasken ne tartsatsin rana, wato fashewar haske da maganaɗisun rana ke haddasawa a fuskarta, ke fitowa fili.

Maganaɗisun kansa ba ya ganuwa a ciki, sai sawunsa. Baƙin zaren da ke kwance tsakanin tabo biyu a fuskar rana yana bin iyakar da ta raba ɓangarorin maganaɗisu masu adawa. Idan layukan maganaɗisun suka murɗe har suka tsinke suka sake haɗuwa, sai haske ya tashi a gefe biyu na zaren cikin 'yan mintuna. Don haka kafin a kafa madubi a duba taswirar maganaɗisu ta SDO, tauraron ɗan'adam mai sa ido kan rana, a nemi gungun tabon da fari da baƙi, wato ɓangarorin maganaɗisun biyu, suka cakuɗe a cikinsa. Irinsa ne AR3664, wanda ya yi tartsatsi mai daraja X8.7 ranar 14 ga Mayu 2024. Tartsatsi masu ƙarfi na ajin M da X suna fitowa sarai, ƙananan ajin C kuwa sai mai haƙuri.

Saitinsa da matsin iska ake yi, a nan ne sababbin hannu ke tuntuɓe. A kwance murfin saitin gaba ɗaya iska ta daidaita, sannan a mayar a hankali har zaren ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya hau da shi Ɗa'ifa daga Jidda dole ya sake wannan, domin iskar tudu ba ta kai ta bakin teku nauyi ba. Idan saiti yana zamewa, zoben robar ciki ne ya bushe, ɗan man silikon ya ishe shi.

Matacin baya, wanda ke tare ragowar haske kafin ya kai ido, iri biyu ne, B400 mai faɗin milimita 4 da B600 mai faɗin milimita 6. Hoton rana a wannan madubi bai wuce milimita 3.3 ba, B400 ya wadatar da ido, mai kyamara ya ɗauki B600. Kada a kuskura a leƙa babu matacin, makanta ce. Abin daidaita ganinsa kuma yana rawa idan kyamara ta yi nauyi, wannan ne rauninsa.

Da hantsi ya fi aiki, kafin rufin siminti ya ɗauki zafi hoto ya fara rawa. Ranar ƙura a bar shi a jaka. Mai sonsa saboda husufin 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe rana ruf a Jidda da Makka, ya fara koyon saitin tun yanzu.