Ƴar na'urar gwajin mota ta OBD2: ta hana a sauke mini inji, kuma ita ta shanye mini batir

Wata shida ke nan da na sayi ƴar na'urar nan shuɗiya da ake soka wa mota ƙarƙashin sitiyari, ta riƙa magana da salula ta Bluetooth. Na'urar gwajin OBD2 ake ce mata, aikinta karanto matsalar inji daga kwamfutar mota. Ba sai na faɗi inda na saye ta ba, duk mai mota a Maradi ya san masu kawo irin kayan nan daga Kano, kuɗinta ma kun san shi, bai kai rabin tankin mai ba. Abokan aiki sun dame ni da tambaya ko su saya, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani sau ɗaya, kowa ya karanta ya yanke wa kansa.

Motata Corolla ce ta 2006, irin ta Turai mai inji 1.6, wadda ta shigo ta Kwatano tun kafin a rufe iyakar Benin. Ba sabuwa ba ce, amma ba ta taɓa kunyata ni ba sai ranar da nake dawowa daga Gidan Rumji da yamma. Ina wuce Tibiri na ji ta fara karkarwa, in na taka mai sai ta yi kamar ana riƙe ta ta baya, ga ƴar fitilar nan mai hoton inji a tabulo tana ƙyaftawa. Da na shigo gari na tsaya a mahaɗa, har kujera rawa take. Washegari na kai ta garajin da na saba. Maigidan garajin dattijo ne, Baba nake ce masa, shekara takwas yana taɓa mini mota. Ya buɗe kapo, ya kasa kunne, ya je baya ya tara hannu a bakin salansa ya shinshina, sannan ya ce, "Malam, injin nan ya gaji. Sagaman ne suka tafi, sai an sauke shi." Sagaman su ne zobban fiston na cikin inji. Da muka yi lissafin kaya da na aiki, abin ya doshi jika 150, wato sefa dubu 150, kuma mota za ta kwana goma a wurinsa. Na ce masa, "To Baba, bari in je in yi shawara." Gaskiya ba shawara zan yi ba, kuɗin ne babu, watan ya yi nisa kuma ga azumi na ƙaratowa.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ya ce, "Yaya, kafin a taɓa injin nan ka bari mu tambayi motar da kanta." Shi ya raka ni muka sayo ta. A zuciyata ban ɗauke ta da muhimmanci ba, abu ne kamar akwatin ashana, roba mara nauyi, ba ko takardar bayani a cikin kwalin.

Ranar Asabar da safe muka fitar da motar ƙarƙashin bedin ƙofar gida. Neman wurin soka ta ne ya fi cin lokaci, sai da na kwanta a tabarma na leƙa da fitilar salula kafin na ga soket ɗin, mai rami 16, can ƙasa hannun hagu na sitiyari. Duk motar lasansi, wato mai shan fetur, da aka sayar a Amurka daga 1996, da ta Turai daga 2001, doka ta tilasta a sa mata shi, to yawancin motocin da ke yawo a garin nan suna da shi, masu su ne ba su sani ba. Na soka, na murɗa kontak ba tare da na tada inji ba, ƙanena ya haɗa ta da manhajar da ya sauke a salularsa. Minti ɗaya bai cika ba ta fito da lamba: P0303.

Ma'anar lambar ba ta da wuya. P0300 na nufin inji yana tsallake wuta ba a wuri ɗaya ba, in kuwa lambar ƙarshe 1 ce ko 2 ko 3 ko 4, to ta nuna maka silindar da ba ta ƙona mai. Tawa ta uku ce. Wato inji mai ƙafa huɗu yana tafiya da uku, shi ne karkarwar nan. Kuma a nan na san cewa fitilar in ta tsaya cak wani abu ne, in tana ƙyaftawa kuwa gargaɗi ne mai ƙarfi, don ɗanyen mai na wucewa cikin salansa yana ƙona katalizer, abin da ke tace hayaƙin mota. Ni kuwa na yi kilomita da yawa a haka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har yau nake jin ƴar na'urar nan a raina duk da abin da ta yi mini daga baya. Irin injin nan kowace buji da bobin ɗinta a kanta, abin da ƴan uwanmu na Katsina ke kira filogi da koyil. Bobin huɗu a jere, kowanne ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, kile mai lamba 10 ke kwance ta. Ana fara ƙirga silinda daga gefen da bel yake. Muka cire murfin roba na saman inji, na zare wayar bobin na uku, na kwance shi, na musanya shi da na ɗaya. Muka goge lambar, na tada mota, na zaga unguwa har wajen babbar kasuwa na dawo. Muka sake tambaya. P0301. Ciwon ya bi bobin ya koma silinda ta ɗaya.

Wallahi sai da na zauna a bakin tabarma na yi shiru. In da sagaman ne ko wani abu a cikin inji, ai ciwon ba zai tashi daga ta uku ya koma ta ɗaya don na sauya abu mai ƙusa ɗaya ba. Gani ya kori ji. Na hau kabu-kabu na je wajen masu piyes da tsohon bobin a hannu don kada a ba ni wanda bai dace ba, na sayi na hannu ɗan Beljik, na ƙara da buji huɗu tunda an riga an buɗe wurin. Na mayar da bobin na ɗaya wurinsa, na sa ɗan Beljik a ta uku. Kile 16 mai dogon wuya na ara wurin maƙwabci don bujin. Kafin azahar mota na ralanti lafiya lau, ka ɗora kofin shayi a kan kapo ba zai zube ba. Duka abin da na kashe, har da kuɗin na'urar, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ce in kawo ba. Ranar nan da an ce in ba ta maki, da goma bisa goma zan ba ta, kuma na faɗa wa duk wanda ya zo wucewa.

Ban ji daɗin komawa wurin Baba da labarin ba, don mutum ne mai kirki kuma ban yi imani da gangan ya so cutata ba. Da kunne da hanci ya koyi aikinsa tun zamanin motocin kaburato, kuma a can hannunsa babu na biyu. Amma da na ba da motar, da an sauke inji mai lafiya.

To daga nan ne zancen ya juya. Da yake na ji daɗinta, sai na bar ta a soke dindindin. Ina son in riƙa kallon zafin ruwa a salula, musamman da watan Afrilu ya shigo rana ta wuce digiri 40. Tana nuna ƙarfin batir ma, in inji na aiki ka ga wajen volt 14, ka san alternato na caji. Mai sayarwa bai ce mini in riƙa cire ta ba, kwali bai faɗa ba, manhajar ma ban ga inda ta faɗa ba. Aka tura ni Yamai wani horo na kwana tara, na bi bas na bar mota a gida. Na dawo da dare a gajiye. Wajen ƙarfe biyu uwargida ta tashe ni, jikin Inna ya rikice, numfashinta na sama-sama. Muka ɗauko ta ni da ƙanena muka sa a bayan mota, na murɗa kile, ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. Ko fitilar tabulo da ƙyar take haske. Na sake, babu. Tsakar dare, titi ba kowa, tsohuwa na nishi a kujerar baya. Sai da na je na buga ƙofar maƙwabcina Alhaji, Allah Ya saka masa da alheri, ya fito da motarsa ya kai mu asibiti. Inna ta samu sauƙi, alhamdulillahi, amma mintocin nan da na yi ina murɗa kile ba zan manta da su ba, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci da ƴar robar nan.

Da gari ya waye na kira mai gyaran wutar mota. Yana leƙawa ƙarƙashin sitiyari ya ga ƴar jar fitilarta na ci ƙasa-ƙasa alhali kile na aljihuna. Ya ce, "Malam, ga ɓarawonka nan." Ya nuna mini da mita cewa rami na 16 a soket ɗin kai tsaye yake daga batir, ko an kashe mota wuta na nan. Irin waɗannan masu arahar ba su da maɓallin kashewa, ba sa barci da kansu, to dare da rana tana tsotsa kaɗan-kaɗan. Batir ɗina ya shekara biyu yana shan zafin Maradi, kwana tara ya ishe shi ya faɗi. Aka yi masa caji ya tashi, amma bai ƙara riƙe wuta kamar da ba, bayan sati uku dole na sayi sabo. Ku lissafa kuɗin batir ku cire daga ribar da na ce na samu. Layi ɗaya na gargaɗi a jikin kwali da ya hana duk wannan, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ba abu ne mai wuyar rubutawa ba.

Tunda na fara, bari in faɗi sauran. Mai sayarwa ya ce mini "kowace mota tana karantawa." Ba gaskiya ba ne. Alhajin nan da ya taimake mu yana da tsohuwar Hilux mai gazuwal, na so in rama alheri in duba masa, muka yi rabin awa tana ta juyawa ba ta haɗu ba, na ji kunya ƙwarai. Ɗansa kuma ya so mu gwada a kamiyon da ke yi musu jigilar albasa da wake, Allah Ya sa na tambaya tukuna, don manyan motocin nan volt 24 suke, ita kuwa ta 12 ce, da ta ƙone nan take. Fitilar ABS da ke kunne a motar abokin aikina ma ba ta ga komai a kai ba, inji kawai take sani, birki da jakar iska ba ruwanta. Da iPhone ɗin uwargida ta ƙi haɗuwa sam. Bayanin lambobin kuma da Ingilishi yake fitowa, mu da muka yi lakwal da Faransanci sai an bi ta fassara, in ba ƙanena kusa nakan daɗe ina lalube.

Sannan karkarwar ta dawo bayan wata biyu, P0303 kuma. Na ɗauka bobin ɗan Beljik ne ya mutu, har na fara zagin mai piyes a raina. Da na zaro shi sai na ga robar ƙafarsa jiƙe sharkaf da baƙin mai, ramin bujin ya tara mai kamar ƴar rijiya. Tun ranar farko na ga ɗan danshi a wurin, na goge da tsumma na wuce, don salula ba ta ce komai a kansa ba. Wannan karon Baba na kai wa. Ya duba ya ce, "Juwan ɗin murfin sama ne ya bushe, shi ke zuba wa bobin mai har ya kashe shi. Abarka ta gaya maka wannan?" Na ce a'a, Baba. Ya sauya juwan, wato robar da ke hana mai tsiyaya, cikin awa ɗaya, ya wanke ramin, bai karɓi wani abin kirki ba. Ita na'urar wurin ciwo take nunawa, dalilinsa sai mai ido ya duba, kuma na ga mutane a garin nan da suka saye ta suna goge lamba kawai fitila ta mutu su ce sun gyara. Gogewa ba gyara ba ce, bayan kwana biyu fitilar za ta dawo.

Yanzu in ka tambaye ni, zan ce ka saya in motarka ƙarama ce ta lasansi kuma kana da haƙurin kwance ƙusa da kanka, ko don ka shiga garaji da lamba a hannu kafin a ce maka inji ya gaji. In Hilux tsohuwa ce ko kamiyo, ajiye kuɗinka. Maki kuwa ba zan wuce shida ba, kuma daren rashin lafiyar Inna ne ya cinye sauran. Tawa tana cikin akwatin tabulo a ɗaure da jan zare mai tsawo, in na soka ta sai in rataya bakin zaren a sitiyari don kada in fita in bar ta. Makon jiya ta nuna mini ruwa ba ya wuce digiri 70 ko na yi tafiya mai nisa, alhali ya kamata ya kai wajen 90, ina zargin an cire wa motar tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, tun kafin ta zo hannuna kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a nan. Asabar mai zuwa zan kwance tiyon in gani, Baba ya ce in kira shi kafin in zubar da ruwan.