AppKit da menu mai neman wanda zai amsa masa

Wata takwas ke nan ina gina wata 'yar manhajar Mac da ke riƙe lissafin shagon ɗinkin yayata: wa ya kawo yadi, wa ya ba da kafin alƙalami, wa ake bi ciko. Da AppKit, kayan aikin Apple na gina manhajojin Mac, na gina ta a cikin Xcode, manhajar da ake rubuta su a ciki, kuma ɓangare guda na wannan kayan aiki ya tsaya mini a rai, wato yadda umarnin menu ke samun wanda zai aiwatar da shi.

Ranar farko na sa "Buga Rasit" a ƙarƙashin File, na ja layi daga kansa zuwa shafin da ke nuna bayanin abokin ciniki. Layin ya ƙi kamawa. A storyboard, wato allon da ake zana fuskar manhaja a Xcode, menu yana zaune ne a sashensa daban, ba ya ganin shafukan da ke cikin taga. Abin da yake gani shi ne wani ɗan akwati mai suna First Responder. Nan na haɗa shi, ban ma gama fahimtar me nake yi ba.

Ashe akwatin gurbi ne kawai, ma'anarsa "duk wanda ake aiki a kansa a yanzu". Idan an danna umarni, AppKit zai fara tambayar abin da mai amfani ya taɓa a tagar da ke gaba: kana da wannan aikin? Idan babu, sai ya tambayi wanda ke ɗauke da shi, sai na sama da shi, har a kai ga tagar kanta, mai kula da ita da wakilinta, daga nan manhajar gaba ɗaya da nata wakilin. Wannan jerin shi ne sarƙar masu amsawa. Kamar ƙara ce da ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa fada. Wanda ya fara cewa "nawa ne" shi zai yi, a nan maganar ta tsaya.

Daɗin abin ya bayyana ne ranar da yayata ta buɗe taga biyu, ɗaya ta ɗinkin sallah, ɗaya ta kayan wata amarya. Ta danna Command da P, rasit ɗin amarya ya fito, don a tagarsa take. Ban rubuta ko layi ɗaya na tantance wace taga ce a gaba ba. Haka kuma Copy da Paste suka yi aiki a duk gurbin rubutu tun kafin in tuna da su. Ga kuma validateMenuItem, wanda ake kira kafin menu ya buɗe: idan ba a zaɓi kowa a jerin ba, sai in mayar da false, umarnin ya dusashe ya koma toka-toka. Layi huɗu ne a wurina, sun hana a buga rasit marar suna.

Tsarin ba na jiya ba ne. Daga NeXTSTEP ya zo, na kamfanin NeXT da Steve Jobs ya kafa a 1985, wanda Apple ya sanar da sayensa a ƙarshen 1996. Shi ya sa sunaye irin su NSMenuItem da NSResponder ke farawa da NS. Tun daga OS X Yosemite na 2014 kuma ake shigar da NSViewController, mai kula da kowane shafi, cikin sarƙar ba tare da ka sa hannu ba, wanda ya rage aiki sosai.

Wahalarsa ita ce sarƙar ba ta ganuwa. Na raba tagar biyu, jerin sunaye a hagu, bayani a dama, na ajiye aikin buga rasit a ɓangaren dama. Yayata ta danna suna a hagu, ta je menu, umarnin ya dusashe. "Ƙanena, abin naka ya mutu," in ji ta. Babu saƙon kuskure, domin a wurin AppKit ba kuskure ba ne, an tambaya ba a samu mai amsawa ba. Yamma guda na yi a kai kafin in gane cewa sarƙar sama take hawa, ba ta leƙa maƙwabci. Hagu da dama 'yan'uwa ne, ɗaya ba ya ɗauke da ɗaya. Na mayar da aikin zuwa NSSplitViewController da ke riƙe da su duka, nan take menu ya farfaɗo. Akwai kuma supplementalTarget ga wanda ke so aikin ya zauna inda yake a miƙa masa saƙon.

Abu biyu zan gaya wa mai farawa. NSView, wato wani yanki na fuskar taga, da ka ƙera da kanka ba ya karɓar zama na farko a sarƙa sai ka sa acceptsFirstResponder ya zama true. Sannan a Swift, harshen da ake rubuta manhajar da shi, aikin da ba a sa masa @objc ko @IBAction ba, menu ba zai gan shi ba. Idan abu ya rikice, kira NSApp.target(forAction:) ka ga wa ke amsawa a wannan lokacin.

Na gwada SwiftUI, sabuwar hanyar Apple ta gina fuskar manhaja, inda ake amfani da commands da FocusedValue tun macOS 11. A can kana ganin abin da ke tafiya a rubuce, sai dai kai za ka turo shi da hannunka daga kowane shafi. Ga manhaja mai taga da yawa, na fi samun natsuwa da AppKit. 

Yanzu a bangon teburina akwai takarda da na zana sarƙar kowace taga da biro, daga jerin sunaye har zuwa AppDelegate, wakilin manhajar gaba ɗaya. Kafin in ƙara sabon umarni, ita nake fara dubawa in ga a wane mataki zan ajiye shi.